Daga Takarda Zuwa Fata: Yadda Mai Zane Za Ta Shiga Sana'ar Lalle, da Yadda Ake Zaɓen Mai Yi

A ƙasashen Turai da Amurka, masu zanen littattafai da mujallu da dama sun koma sana'ar jarfa, wato zanen da ake cusa tawada cikin fata da allura, saboda aikin takarda ba ya samuwa kullum kuma kuɗinsa yakan daɗe bai fito ba, alhali mai jarfa yana gama aiki ake biyansa. A Katsina da Daura ma akwai matasa masu hannu, waɗanda suka taso suna cika bangon littafin makaranta da zane, wasu har sun karanta fannin a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma suna neman hanyar da zanen zai riƙe su. Ƙofar da take buɗe musu a nan ita ce ta lalle. Kasuwarsa ba ta mutuwa muddin ana aure da suna da Sallah, amma wadda ta shigo ta da tunanin cewa iya zane kaɗai ya isa, za ta iya ɓata hannun amarya, ta kuma ɓata sunanta a mako guda.

Abin da ya sa jarfa ba hanyarmu ba ce

Yana da kyau mai zane ta san yadda jarfa take kafin ta ajiye ta gefe, domin hotunanta sun cika wayoyin yara kuma za a tambaye ta. Injin jarfa na lantarki, wanda Samuel O'Reilly ya yi wa rajista a birnin New York a 1891, yana soka allura sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, ya ajiye tawada a zurfin milimita 1 zuwa 2, ƙarƙashin fatar sama da take saɓulewa. Shi ya sa zanen ba ya fita. Masu koyon sana'ar a can sukan yi shekara ɗaya zuwa uku a ƙarƙashin gwani, kuma watannin farko a shara da wanke kayan aiki da koyon kashe ƙwayoyin cuta suke tafiya, domin allurar da ta shiga jinin wani tana iya ɗaukar ciwon hanta nau'in B da C da cuta mai karya garkuwar jiki. A Birtaniya doka ta hana yi wa wanda bai kai shekara 18 ba jarfa tun 1969, a Najeriya kuma Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ta hana yi wa yaro jarfa ko tsaga.

A wurinmu maganar ta riga ta yanke tun kafin a zo kan lafiya. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa an la'anci mai yin jarfa da wadda ta nemi a yi mata, kuma Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta ambaci hana mata yin ta. Gaskiya ne cewa kakanninmu sun san jarfa, wanzamai suna yi wa 'yan mata da aska a shafa baƙin tukunya, amma al'adar ta ja baya ƙwarai da yaɗuwar karatu. Wanda ya je wani gari ya yo ta a ɓoye kuma ya sani cewa rundunar sojan Najeriya tana sa rashin jarfa cikin sharuɗɗan ɗaukar aiki, cire ta da na'urar leza yana buƙatar zama da yawa da kuɗi mai yawa, kuma baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu ko dabbare-dabbare bayan an cire.

Abu ɗaya ne ya cancanci a ara daga masu jarfa, kuma a kansa duk wannan bayani ya ginu. Ba sa auna gwani da hoton ranar da aka gama aiki, sai da yadda zanen ya zauna bayan fata ta warke. Lalle ma haka yake: ana sanin mai hannu ne a rana ta uku, ana sanin mai amana a mako na biyu.

Abin da hannu zai sake koya

Fata tana motsi, tana gumi, tana da gashi da lanƙwasa, kuma mai ita tana amsa waya. Layin da ya miƙe a bayan hannu lokacin da aka shimfiɗa shi a kan matashi zai karkace da zarar an dunƙule yatsu, don haka mai zane za ta koyi duba hannu a yanayin da za a gan shi a wurin biki, a sake, ko riƙe da jaka, ko ɗore a kan cinya. Da'irar da aka ɗora a kan ƙashin wuyan hannu ba ta fitowa daidai, fure kuma idan ya hau gaɓar yatsa yakan tsage idan ƙullun ya bushe. Gwanaye suna kauce wa gaɓoɓi, ko su sa musu ɗigo da gajerun layuka waɗanda motsi ba ya ɓata su.

Riƙon ma daban ne. Alƙalami yana taɓa takarda, ita kuwa ledar lalle, wadda ake naɗewa ta yi tsini, ba a goga ta a fata. Ana ɗaga bakinta kaɗan, babban yatsa yana matsawa daga sama, ƙullun ya fito ya zama zare, sai a shimfiɗa zaren inda ake so. Kaurin layi yana fitowa ne daga ƙarfin matsi da saurin tafiyar hannu, kuma wannan ne yake ba masu zanen takarda wahala a farko, domin sun saba da danna bakin alƙalami idan suna son layi ya yi kauri. Babu abin gogewa. Lalle mai kyau yana fara kama fata cikin ɗan lokaci kaɗan, saboda haka tsinke da auduga su kasance a kusa, a ɗauke kuskure nan take, idan kuma ya riga ya kama a mayar da shi ganye ko ɗigo a cikin zanen.

Wadda ta saba da inuwa da launuka za ta haƙura da launi ɗaya. Duhu da haske a lalle suna samuwa ne daga kaurin ƙullun da aka ɗora da kuma tazarar da aka bari tsakanin layuka. Siraran layukan da suke burge mutane a takarda, idan aka cusa su kusa da juna a fata, sukan haɗe su zama dunƙule ɗaya, musamman idan mai hannun tana gumi. A ganina wannan ne babban kuskuren masu ilimin zane idan sun shigo: suna son nuna duk abin da suka iya a tafin hannu guda, sai aikin ya yi kyau ga wanda ya sunkuya a kansa, amma daga nesa ya zama duhu kawai. Amarya kuwa daga nesa ake kallonta.

Hanyar atisaye ba ta da wuya. A zana siffofi a takarda, a ɗora gilashi a kai, a bi su da ledar lalle, a kankare a sake, har layi madaidaici da da'ira da ɗigo mai jela su riƙa fitowa ba tare da hannu ya yi rawa ba. Daga nan a koma kan ƙafar kai da hannun hagu, sannan ƙanne da 'ya'yan maƙwabta waɗanda suka girma, kyauta, da sharaɗin za su dawo a ga zanen bayan kwana biyu da bayan mako guda. A riƙa ɗaukar hoto a kowane zuwa, a wuri ɗaya, cikin hasken rana. Wannan tarin hotuna shi ne shaidar aiki, kuma ya fi kowace takardar makaranta amfani a wannan sana'a.

Bayan haka a nemi gwana a zauna a ƙarƙashinta, ko da an fi ta iya zane. A je da ladabi, ta hannun wata babba da ta san ta, a faɗi abin da ake nema da abin da za a biya ko aikin da za a yi a madadinsa. Abin da za a samu a wurinta ba ya cikin bidiyon intanet: yadda ake zaunar da amarya ta yi awa huɗu ko biyar ba ta gaji ba, yadda ake fara ƙafa kafin hannu domin ta samu ta ci abinci, yadda ake sallamar ƙawaye goma da ƙananan zane ba a ɓata wa kowa rai ba, da yadda ake magana da uwar amarya idan ta ce, "'Yata, a ƙara cika shi, kuɗi muka biya." Almajira za ta yi tankaɗe da naɗin leda da cika manyan wurare kafin a ba ta hannun amarya, kuma daidai ne a yi haka.

Namiji mai zane yana da wuri a sana'ar ba tare da ya taɓa hannun matar da ba muharramarsa ba. Zai iya ƙirƙiro sababbin zane ya sayar wa masu lalle, ko ya yanka su a kan salatif da leda mai manne, wadda ake liƙawa a fata a shafe da lalle a ɓare. Masu injin yanka sitika a gari suna iya fitar da zane ɗaya sau ɗari cikin tsabta, kuma jajibirin Sallah, lokacin da layi yake kai wa tsakar dare, irin wannan yana ceton mai lalle.

Kwaɓi

A nan sana'ar take. Ganyen lalle yana ɗauke da wani sinadari mai suna lawson, kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na busasshen ganye, wanda yake manne wa fatar sama da farce da gashi. Tunda a fatar sama kaɗai yake zama, zanen yana tafiya da ita yayin da take saɓulewa, cikin mako ɗaya zuwa uku. Tafin hannu da tafin ƙafa sun fi kauri, don haka sun fi kamawa, bayan hannu yana biye, damtse da ƙwauri kuwa ba sa yin duhu sosai kuma sun fi saurin koɗewa. A farce kuma ba ya fita sai farcen ya tsiro ya ƙare, abin da yakan ɗauki kusan wata shida, kuma ya kamata a gaya wa mai hannu haka kafin a shafa.

Garin ya zama sabo, mai ƙanshin ɗanyen ganye, wanda aka adana nesa da rana. Kore mai ƙyalli sosai ba shaidar kyau ba ne, domin akwai masu zuba masa launi. Garin ƙunshi na gargajiya, wanda ake zuba hannu a zunguru ko a ɗaure ƙafa da shi, ba sai ya yi laushi ƙwarai ba, amma na zane dole a tankaɗe shi sau biyu ko uku ta cikin gyale mai shara-shara, saboda ƙaramin tsinke ɗaya ya isa ya toshe bakin leda a tsakiyar fure. A giram 100 na gari, ana zuba ruwan lemon tsami da aka tace, ko ruwa zalla ga mai fata mai saurin ƙaiƙayi, da sukari kamar cokali biyu, da man ganye mai ƙamshi irin na lafanda ko na itacen turare wanda bai wuce mililita 30 ba. Sukari yana sa ƙullun ya manne wa fata ya kuma yi yauƙi, man kuma yana taimaka wa launin ya fito. Idan aka ɗaga cokali, ƙullun ya sauko a hankali yana jan zare kamar miyar kuɓewa mai kauri. Kada a kusanto da kananzir ko fetur ko tina, duk wanda ya ce suna sa lalle ya kama, domin ƙona fata suke yi.

Bayan an kwaɓa sai a rufe da leda a bar shi ya tsima, kuma yanayin garinmu yana da hannu a wannan. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Katsina take haura digiri 40, 'yan awanni sun isa, kuma ƙullun da ya kwana biyu a ɗaki ya mutu ko da kamanninsa ba su canza ba. Da sanyin hunturu yakan so ya kwana. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗiga kaɗan a tafin hannu, a goge bayan minti biyar, idan ya bar tabo mai launin lemo mai haske to ya nuna. Abin da ba za a yi aiki da shi a ranar ba a ɗura a leda a sa a firiza, inda zai yi watanni, amma wadda wutar unguwarsu ba ta tsayawa gara ta riƙa kwaɓa daidai aikin rana. Hunturu yana da wata matsalar: iska tana busar da zanen ya farfashe ya zube kafin ya kama, don haka a ƙara sukari kaɗan, a kuma riƙa dangwala ruwan lemon tsami da sukari da auduga a kan zanen idan ya fara bushewa.

Ƙullun ya zauna a fata awa huɗu zuwa takwas, a kankare shi, a shafa man zaitun ko man kaɗanya, a nisanci ruwa gwargwadon iko a yinin farko. Mai lalle ta tsara lokacin da sallah a ranta, ta fara bayan an yi alwala, ko ta bar dogon zama zuwa bayan isha'i. Launin da zai bayyana da farko ruwan lemo ne, kuma a nan ne amaren da ba a yi wa bayani ba suke fashewa da kuka. Iska ce take nuna shi, cikin kwana biyu ya koma ja mai duhu. Launin lalle ba ya hana ruwan alwala taɓa fata, amma duk abin da ya bushe ya zama ɓawo, kamar farin zanen da ake yi da gam da hoda, yana hanawa sai an cire shi.

Maganar dayis

Babu ganyen lalle da yake ba da baƙi. Abin da ake kira baƙin lalle ko dayis rinin gashi ne, mai ɗauke da sinadarin da ake taƙaita sunansa da PPD, kuma dalilin farin jininsa a fili yake: yana kamawa cikin ƙasa da awa guda, yana fitowa sosai a bayan hannun mai duhun fata inda jan lalle yake ɓoyewa, yana kuma yin kyau a hoto. Ba za a yi wa mai shiga sana'a adalci ba idan aka ɓoye mata cewa yawancin masu zuwa shi za su tambaya.

Ga abin da ya kamata ta sani kafin ta amsa. A Tarayyar Turai ba a yarda PPD ya wuce kashi 2 cikin 100 a rinin gashi bayan an haɗa shi ba, kuma a gashi aka yarda da shi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince a ɗora shi a kan fata ba. A kwaɓin baƙin lalle kuwa gwaje-gwaje sun sami abin da ya haura kashi 15. A 2006 ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin cututtukan fata da taɓa abubuwa ke jawowa ta ayyana shi a matsayin sinadarin shekara wajen tayar da fata. Abin da yake ruɗar mutane shi ne ba ya nuna illarsa nan take. Wadda ba ta taɓa yi ba tana iya yin mako ɗaya zuwa biyu lafiya, sannan ƙaiƙayi ya fara, fata ta kumbura ta yi ƙuraje masu ruwa daidai bisa layin zanen, fure da ganye, bayan sun warke kuma su bar tabo fari ko baƙi mai siffar zanen na tsawon watanni. Wadda jikinta ya riga ya ƙi shi, cikin kwana ɗaya zuwa uku take tashi, kuma kowane karo ya fi na baya tsanani. Jikin da ya ƙi PPD ba ya sake karɓarsa har abada, kuma matsalar tana iya bin mutum zuwa rinin gashi da wasu baƙaƙen tufafi da wasu magunguna.

Saboda haka maganar "na sha yi ban ga komai ba" ba hujja ba ce, gwajin ɗigo a bayan kunne kwana guda kafin biki ma ba ya ba da tabbaci. Mai lallen kanta ta fi kowa shiga haɗari, tunda kullum yatsunta suna ciki. Garin dayis kuma guba ne idan aka haɗiye shi, yana kumbura wuya ya toshe numfashi ya lalata ƙoda, kuma likitoci a Sudan sun daɗe suna fama da irin wannan, don haka ba abin ajiyewa ba ne a ɗakin da yara suke rarrafe. Shawarata ga mai shigowa ita ce ta gina sunanta a kan jan lalle, ta koyi sa shi ya yi duhu ta hanyar sabon gari da kyakkyawan kwaɓi da dogon zama, ta kuma tsara zane mai faɗin layi wanda zai fito a fata mai duhu. Za ta rasa wasu masu zuwa a farko. Ga wadda ta nace sai baƙi, akwai ruwan wani ɗan itace na Kudancin Amurka mai suna jagwa, wanda yake ba da shuɗi mai duhu kusa da baƙi. Yana da tsada, ba kowane shago yake da shi ba, kuma shi ma akwai jikin da ba ya jituwa da shi, sai dai bai kai PPD haɗari ba.

Jan lalle na asali ma yana da inda ake tsayawa. Akwai wani rashi na gado a cikin jini da ake kira G6PD, wanda ya yawaita a Najeriya musamman ga maza, kuma lalle yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin jariri ko ƙaramin yaro mai shi, har ya kai ga shawara da ƙarancin jini mai tsanani. Kada a sa wa jarirai lalle, ko da kaka ce ta miƙo su ranar suna. Haka kuma ledojin da ake sayarwa a shirye, waɗanda suke yin wata da watanni a kan kanta cikin zafi kuma su kama ja cikin minti goma, ba ganye kaɗai ne a cikinsu ba, domin ganye ba ya jure haka.

Salo da kuɗi

Abin da mai ilimin zane take da shi wanda wasu ba su da shi shi ne iya ƙirƙira. Kasuwa ta cika da kwafin salon Indiya mai cunkoso, da na ƙasashen Larabawa mai manyan furanni da fili a tsakani, da na Sudan mai kaurin layi. A 2024 hukumar UNESCO ta sa lalle cikin jerin al'adun duniya bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16, alhali namu zanen yana nan a jikin hula da wuyan babbar riga, da bayan ƙwarya, da zayyanar allo, da bangon tsofaffin soraye na cikin birni da fadar Daura, ba a cika sauko da shi kan hannu ba. Dagi da aka sirance shi ya zagaye wuyan hannu yana da kyau ƙwarai, kuma ba a samunsa a wayar kowa. A guji zana mai rai, a kuma guji rubuta sunan Allah ko aya a jikin da zai shiga banɗaki.

Wajen kuɗi, a lissafa awanni da kayan kwaɓi da kuɗin mota, a raba farashin amarya da na ƙawaye tun a waya, a faɗi iyakar inda zanen zai kai, wuyan hannu ne ko gwiwar hannu, idon sawu ne ko ƙwauri. A karɓi kafin alƙalami a rubuta rana. Kada a karɓi amare biyu a yini ɗaya a shekarar farko, kuma kada a sa hoton hannun kowa a Instagram ko TikTok sai da izininta.

Yadda ake zaɓen mai lalle

Uwar amarya ko babbar ƙawa ta fara nema tun da saura wata guda, musamman idan bikin ya faɗo kusa da Sallah ko lokacin Gani a Daura, sa'ad da masu hannu suke cika. Hoto a waya ba ya isa, domin ana ɗaukar aikin wasu a liƙa, ana kuma ƙara wa hoto duhu. A nemi ganin hannun wata da aka yi wa kwana uku da suka wuce, ido da ido, ko a ɗan bidiyo cikin hasken rana. Mafi kyau a tambayi amaryar da aka yi wa wata ɗaya baya yadda fatarta ta kasance bayan zanen ya fita, da ko mai lallen ta zo a kan lokaci, da ko ita ta yi aikin da hannunta ko almajira ta turo.

Sannan a yi tambaya kai tsaye: "Hajiya, me da me kike zubawa a kwaɓinki?" Mai amana za ta lissafa ba tare da ɓata rai ba, ta ma miƙo ledar a sansana. Ƙullun gaskiya kore ne mai duhu ko ruwan ƙasa, yana ƙanshin ganye da man ƙamshi. Idan baƙi ne wuluk, ko yana warin rinin gashi, ko an ga ana zuba masa ruwa daga kwalbar kemis ana ɗurawa a sirinji, to dayis ne ko da wane suna aka kira shi. Wadda ta ce sirrin sana'a ne ba ta faɗa, a yi mata godiya a nemi wata. A lura kuma ko ita ma tana tambaya: mai lalle da ta san aikinta za ta so ta ji ko amarya ta taɓa yin ƙuraje bayan dayis ko rinin gashi, ko tana da ƙyasbi ko rauni a hannu, ko tana shafa man bilicin, wanda yake sirantar da fata ya sa ta saurin ƙonewa.

A je a yi ƙaramin zane na gwaji mako biyu kafin biki, domin a ga yadda launin yake zama a wannan fatar da kuma yadda hannun mai yin yake. A duba tsabtar wurin, da tawul ɗin da take goge hannu, da ko tana wanke hannunta tsakanin mutum da mutum.

Jerin gyaran jiki ma yana da tsari. Dilka da halawa da kurkum su riga lalle, domin duk abin da yake murje fata yana tafiya da zanen. Ranar lallen kada a shafa mai, a wanke hannu da ƙafa da sabulu a bar su su bushe. Idan ɗaurin aure Asabar ne, a yi lallen Laraba da dare ko Alhamis da safe, yadda launin zai kai ƙarshen nunarsa a ranar da ake bukata, a kuma ɗauke wa amarya wanke-wanke da wanki a tsakani.

Idan kuma aka riga aka yi baƙin, sai ƙaiƙayi ko zafi ya taso, a wanke wurin da ruwa mai yawa da sabulu, kada a fasa ƙurajen, kada a shafa toka ko man goge baki ko man bilicin, a je asibiti a gaya wa likita ainihin abin da aka shafa, da ledar ko kwalin idan yana nan. Kumburin fuska ko leɓe, ko wahalar numfashi, ba ya jiran gari ya waye, a tafi sashen gaggawa a daren. Bayan an warke, a riƙa faɗa wa duk mai kitso ko mai gyaran gashi da duk likitan da zai rubuta magani cewa jikin ba ya karɓar PPD.